Kafin a ƙure sifika, a auna ta

Aikina shiga gidaje ne. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko a nan Birnin Kebbi, kuma yawancin ranaku ina bin masu jego ne da yaran da suka tsallake allurar rigakafi. Wata Laraba da hantsi na je duba wata mai jego a Badariya, haihuwar fari, kwana biyu bayan suna. Tun daga zaure na fara jin kiɗa yana dukan ƙirjina. Na yi sallama sau uku ba a amsa ba, sai da na ɗaga labule.

Ɗaki ne ƙarami, daɓen tayil, taga ɗaya a rufe. Kayan sautin yana cikin kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata, irin mai babbar sifika ɗaya a ƙasa da ƙanana a gefe. Babbar tana jingine da ƙafar gado. Jaririn yana kwance a kan gadon, tsakanin kansa da sifikar bai wuce kamu biyu ba.

Na ce, "Amarya, rage mana mu gaisa."

Ta matso da kunnenta ta ce, "Mi kic ce, Anti?"

Da na nuna mata yaron, sai ta yi murmushi ta ce ai ya saba, tun yana ciki yake jin ta. Ban yi mata gardama ba. Na fito da wayata, na buɗe manhajar auna ƙara, na ajiye wayar a kan zanin gado daidai kunnen yaron, na ce ta zo mu duba tare. Lambar tana yawo tsakanin 92 da 95.

Wannan lambar ita ce dalilin rubutun nan. Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu a ɗaki ba ta wuce desibel 60 ko kusa da haka. Sai dai ma'aunin ba ya tafiya kamar mudu, a ce biyu ya ninka ɗaya. Duk ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin da ke shiga kunne ya ninka sau biyu, ƙarin 10 kuwa ninki goma ne. Saboda haka wanda ya ga 95 ya ce ai bai fi 85 da yawa ba, ya yi kuskure babba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafin abin da kunnen babban mutum zai iya ɗauka a mako guda ba tare da ya cutu ba. A desibel 80, awa 40 ne. A 85 ya sauko zuwa awa 12 da rabi. A 90, awa 4 kacal. A 95, awa ɗaya da kwata. A 100, minti 20, kuma a duk makon ake nufi, ba a yini ba. Ga yara, hukumar ta sauke ma'aunin zuwa desibel 75. Idan ina yi wa mata bayani nakan ce su ɗauke shi kamar datar waya: kana da kason mako, hira a hankali ba ta cin komai, ƙurarren kiɗa kuwa yana cinye shi kafin a sauke tukunya. Amaryar nan ta gaya mini da an kawo wuta take kunnawa, ba ta kashewa sai an ɗauke. A safiya ɗaya ita da ɗanta sun cinye kason mako, gobe kuma a sake.

Hausawa suna cewa jiki magayi, amma a wannan wuri kunne ba ya gaya wa mai shi da wuri. Sai ƙara ta kai wajen desibel 120 ko fiye mutum yake jin zafi a kunne, alhali ɓarna ta fara tun can ƙasa da haka, shiru, babu jini babu zazzaɓi. A can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wani ɗan abu nannaɗaɗɗe kamar gidan dodon koɗi. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a kansu, kimanin dubu 15 zuwa 16 a kowane kunne, su ne suke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take fahimta. Duk wanda ya taɓa ganin irin shinkafa a fadamar Argungu bayan iska mai ƙarfi ya san yadda take kwanciya, kwana ɗaya ko biyu ta miƙe. Haka gashin nan yake yi bayan daren biki: ka dawo gida kunne ya yi dum, maganar mutane kamar daga cikin rijiya, washegari ya sake. To amma in shanu suka mayar da gonar hanyarsu kullum, shukar ba ta sake tashi. Ƙwayar da ta mutu a kunnen ɗan Adam ba ta tsirowa, kuma har yau babu allura ko ƙwayar maganin da ke dawo da ita.

Shi ya sa kalmar "na saba" take tayar mini da hankali. Sau da yawa sabon nan shi ne ciwon. Jin mutum ya ragu, sai ya ƙara murɗa sifika, ƙarin ya sake rage jin, ya sake ƙarawa. Kuma siraran sautuka ne suke fara tafiya, irin su "s" da "sh" da "f" da "ts". Mutum yana jin ana magana amma kalmomin ba sa fita, musamman a kasuwa ko wurin taro. Sai ya ce yaran yanzu ba sa buɗe baki in suna magana, a gida kuma a ce ya cika shariya.

Ina da ƙane da ya yi shekaru yana sana'ar cajin waya da tura waƙoƙi a bakin kasuwa, sifika a saman teburinsa daga safe har magariba don jawo masu saye, janareta a bayansa, da dare kuma iyafis a kunne har barci ya ɗauke shi. Bai kai shekara talatin ba. Wani dare ya zo gidana ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, akwai gyare a cikin kaina, ba ya yin shiru." Na kashe fanka, gari ya yi tsit, na tambaye shi ko yanzu ma yana ji. Ya ce yanzu ne ma ya fi ƙarfi. An duba shi a asibiti, babu dauɗa, babu ruwa, dodon kunne lafiya, gwajin ji ne ya nuna siraran sautuka sun ragu a kunnuwan biyu. Ya daina ajiye sifika kusa da shi, abin bai ƙaru ba, amma kukan yana nan. Har yau ba ya iya barci sai da ƙarar fanka ta rufe masa shi. Irinsa suna da yawa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya, masu shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti.

Awon ba shi da wuya, kuma ba sai an sayi na'ura ba. Mai wayar Android ya shiga Play Store ya rubuta "sound meter", akwai na kyauta da yawa. Mai iPhone ya nemi manhajar NIOSH, wadda hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi, ita aka fi gwada ingancinta. Idan manhajar ta ba da zaɓi, a zaɓi dBA, shi ne ya fi kusa da yadda kunnen mutum yake ji. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda za a ajiye wayar. A kai ta inda kunne yake zama: kan filo, kan tabarmar da yara suke kallo, kujerar maigida, inda ake shimfiɗe jariri. Kada yatsa ya toshe ɗan ramin makirfo da ke ƙasan wayar kusa da wurin caji. A bar ta minti ɗaya ko biyu, a karanta matsakaicin lamba, kada a tsaya kan wadda ta yi tsalle sau ɗaya ta sauko.

Waya ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, tana iya kuskure da 'yan desibel sama ko ƙasa. Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani: makirfon wayoyi da yawa yana da iyaka, in ƙara ta yi yawa sai lambar ta tsaya wuri ɗaya ko da ana ci gaba da murɗa sifika. In ka ga haka, ƙarar gaskiya ta wuce abin da wayar ta nuna. Wanda ba shi da babbar waya kuma yana da ma'auni a jikinsa. Ka tsaya da wani, tazarar miƙa hannu tsakaninku. In sai ka ɗaga murya yake jin ka, ƙarar wurin ta kai inda take cutarwa.

Ɗakunanmu suna ƙara wa abin tsanani. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da sifika, ƙara tana sauka da kimanin desibel 6. A ɗaki mai bangon siminti da tayil kuwa sautin yana bugun bango ya dawo, don haka matsawa kaɗan ba ta wadatarwa, sai an rage daga tushe. Ga kuma janareta a bakin taga, wanda saboda shi ake ƙure talabijin don a ji. A kai shi can ƙarshen tsakar gida, nesa da taga. Wannan ma ya fi gaggawa ta wata fuskar, domin hayaƙinsa yana kashe mutane a cikin barci.

Kada kuma a ɗauka maganar kiɗa kaɗai nake yi. Na shiga gidajen da wa'azi ne aka ƙure, ko karatu, ko sharhin ƙwallo, ko fim. Kunne ba ya tantance abin da ake faɗa, ƙarfin sautin da daɗewarsa kawai yake ɗauka. Abin da ake so a saurara da natsuwa ma ya fi shiga zuciya in an sassauta shi. Kuma lissafin na yini ne gaba ɗaya. Magidancin da ya wuni a injin casar shinkafa, ko wurin walda, ko kan babur, ya riga ya ci kasonsa kafin ya shigo gida. Abin da kunnensa yake buƙata da dare shi ne hutu. A wurin aikin kuma ya nemi abin toshe kunne na soso ko na roba. Auduga ba ta tare ƙara yadda mutane suke zato.

Iyafis ba a iya auna shi da manhajar nan, tunda sautin a cikin kunne yake. A nan dokar ita ce kada a wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin wayar, a riƙa cirewa ana hutawa, kuma kada a kwana da shi. Gargaɗin nan da waya take fitarwa in an zo ƙure ƙara, wanda muke dannawa mu wuce ba tare da mun karanta ba, saboda wannan aka sa shi.

Yara ne suka fi damuna. Babba in ƙara ta ishe shi zai tashi ya fita. Jariri yana goye a bayan uwarsa a gaban sifikar dije ranar kamu ko ranar suna, ba shi da bakin cewa a matsa. Yaro da kunne yake koyon magana, in ji ya samu matsala magana takan yi jinkiri, karatu ma ya biyo baya. Uwa ta lura: jaririn da ba ya firgita in an buga ƙofa da ƙarfi, ko ya kai wata shida ba ya juyowa in an kira shi daga baya, ko ya shekara biyu bai fara haɗa kalmomi ba, a kai shi a duba. Ƙara ba ita kaɗai ke kawo kurumta ba. Sanƙarau da ƙyanda da ruwan kunnen da aka bari ya daɗe duk suna yi, haka ma wasu allurai irin su jentamaisin in an yi su barkatai a kemis ba da umarnin likita ba.

Wanda kunnensa yake kuka, ko yake yawan cewa a maimaita, ya je asibiti mafi kusa ya nemi a tura shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Wani lokaci dauɗa ce kawai ta toshe, a wanke a huta. In ana buƙatar bincike mai zurfi akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. In ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, kada a kwana biyu ana jira, domin maganinsa da wuri yake aiki. Kafin a je, kada a ɗiga man ja ko ruwan albasa, kada a sa tsinken ashana ko gashin kaza.

A ɗakin amaryar nan ba mu kashe kayan sautin ba. Na ce ta riƙa ragewa a hankali ina kallon wayar a kan gado, har lambar ta sauko ƙasa da 70. Ta tsaya ta saurara, ta ce ashe ana jin waƙar sarai, har baitin da ba ta taɓa ganewa ba. Muka ja babbar sifikar zuwa ɗaya kusurwar, nesa da gado. Sannan na ce ta miƙo mini jan farcenta, na ɗiga ɗigo ɗaya a jikin akwatin daidai inda maɓallin ya tsaya, na ce ta nuna wa maigidan in ya dawo, da ƙannensa masu shigowa kallo. Da ta kawo yaron allurar mako shida na tambaye ta labarin ɗigon. Ta ce yana nan, sau ɗaya wani ƙanen mijinta ya wuce shi, surukarta da kanta ta fito ta sa ya mayar.