Checheniyawa: tarihinsu da al'adunsu

Checheniyawa al'ummar Musulmi ce da ke zaune a arewacin tsaunukan Kaukasus, tsakanin Bahar Aswad da Tekun Kasfiya. Nokhchi suke kiran kansu. Ƙasarsu, Jamhuriyar Checheniya, tana cikin Tarayyar Rasha, ta yi iyaka da Jojiya daga kudu, Dagestan daga gabas, Ingushetiya daga yamma. Babban birninta Grozni ne, a bakin kogin Sunja. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen jamhuriyar sun ɗan haura miliyan 1.5. Harshensu ɗan'uwan na maƙwabtansu Ingush ne, ba shi da dangantaka da Rashanci ko Turkanci. Da ajami aka fara rubuta shi, aka koma haruffan Latin a 1925, sannan haruffan Rashanci daga 1938.

Tsarin zama

Ba za a fahimci Checheniyawa ba sai an san cewa a gargajiyance yawancinsu ba su zauna ƙarƙashin wani sarki ba. Zuri'a ce tushen komai. Ana kiranta teip, akwai sama da ɗari, kowacce da kakan da ta fito daga gare shi, da tsauninta, da maƙabartarta. Zuri'o'in kan haɗu su yi ƙawance da ake kira tukhum, kuma bisa al'ada guda tara ake lissafawa. In magana ta shafi ƙasa baki ɗaya, kamar yaƙi ko sulhu, majalisar dattawa ta Mehk-Khel ce ke zama. A kwazazzaban kogin Argun har yanzu akwai dogayen hasumiyoyin dutse da iyalai suka gina shekaru aru-aru da suka wuce, wasu na zama, wasu na tsaro.

Dokokin gargajiyarsu, adat, suna da tsauri. Baƙo amana ne: mai gida zai ciyar da shi, ya kare shi ko da ransa. Ɗaukar fansar jini kan bi zuri'a shekaru da dama, sai dattawa da malamai sun shiga tsakani a yafe. Akwai kuma kunya irin wadda Bahaushe ya sani game da ɗan fari da surukai: uba ba ya ɗaukar ɗansa ko yi masa wasa a gaban manya, mace ba ta kiran sunan mijinta ko na danginsa, matashi kan miƙe tsaye in dattijo ya shigo.

Addini

Musulunci ya shigo musu sannu a hankali, galibi ta Dagestan, daga wajen ƙarni na 16, bai gama game duwatsu ba sai ƙarni na 19. 'Yan mazhabar Shafi'iyya ne, kuma ɗariƙun Naƙshabandiyya da Ƙadiriyya sun yi tushe sosai a cikinsu. Ƙadiriyya ta yaɗu ne ta hannun Kunta Haji Kishiyev, wanda ya yi wa'azin ajiye makami a lokacin da yaƙi ya kusa ƙarar da jama'a. Duk da haka hukumar Rasha ta kama shi a 1864, ya rasu a tsare a 1867. Mabiyansa ne aka sani da zikirin da maza ke yin da'ira suna zagayawa da gudu, suna tafi, suna buga ƙafa, suna ɗaga murya da "La ilaha illallah".

Yaƙi da daular Rasha

A 1785 Shehu Mansur ya tara ƙabilun duwatsu ƙarƙashin tutar addini don tare sojojin Rasha. An kama shi a Anapa a 1791, ya rasu a kurkuku a 1794. A 1818 Janar Yermolov na Rasha ya gina sansanin da ya zama birnin Grozni, ya shiga sare dazuzzuka da ƙona ƙauyuka. Daga nan sai zamanin Imam Shamil, mutumin Dagestan ɗan ƙabilar Avar, wanda ya jagoranci yaƙi da Rasha daga 1834 har ya miƙa wuya a Gunib a 1859. Checheniya ce ta zama rumbun abincinsa, daga nan kuma mayaƙansa da yawa suka fito. Bayan yaƙin dubban iyalai sun yi hijira zuwa ƙasashen da ke hannun Turkawa, shi ya sa ake samun jikokinsu a Turkiyya da Siriya da Iraƙi da Jodan, inda su ne suka kafa garin Zarƙa.

Korar 1944

Babu ranar da ta tsaya wa Checheniyawa a rai kamar 23 ga Fabrairun 1944. Gwamnatin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ta zarge su da haɗa baki da Jamusawa a Yaƙin Duniya na Biyu, alhali sojojin Jamus ba su kai Grozni ba, kuma dubban Checheniyawa na fagen daga cikin rundunar Sobiyet. Cikin 'yan kwanaki, ƙarƙashin kulawar Lavrenti Beriya, shugaban 'yan sandan ciki na Sobiyet, aka kwashe Checheniyawa da Ingush kusan rabin miliyan, tsoho da yaro da mai ciki, aka cusa su a taragun dabbobi cikin tsananin sanyi zuwa Kazakistan da Kirgistan. Aka soke jamhuriyarsu, aka canza sunayen garuruwa, aka zaunar da wasu mutane a gidajensu, har duwatsun kaburbura aka tone aka yi hanya da harsashin gini da su. Masana tarihi da dama sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko fiye, sun mutu a hanya da shekarun farko saboda yunwa da sanyi da cuta.

Abin da ya riƙe su a can shi ne zuri'a da ɗariƙa. Ba masallaci, ba makarantar harshensu, amma dattawa na raba gardama, ana zikiri a ɓoye a gidaje, ana ɗaukar marayu. An yarda su koma a 1957, zamanin shugaban Sobiyet Khrushchev, wasu ma sun taho da ƙasusuwan mamatansu don su binne su a ƙasar kakanni. A 2004 Majalisar Tarayyar Turai ta ayyana korar a matsayin kisan ƙare dangi.

Yaƙe-yaƙen baya-bayan nan

Da Tarayyar Sobiyet ta kama hanyar rushewa, Janar Jokhar Dudayev ya ayyana 'yancin kai a 1991. Rasha ta shigo da soja a Disamban 1994, aka kashe Dudayev a Afrilun 1996, yaƙin ya tsaya da yarjejeniyar Khasavyurt a Agustan shekarar. Aka zaɓi Aslan Maskhadov shugaban ƙasa a 1997, amma ƙasar ta faɗa hannun masu garkuwa da mutane da ƙungiyoyin masu makamai. Yaƙi na biyu ya ɓarke a 1999, aka mayar da Grozni kufai. Fararen hula dubbai masu yawa suka halaka, wasu aka ɗauke su daga gida ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Wasu 'yan tawayen su ma sun yi ta'asa, mafi muni ita ce garkuwa da 'yan makaranta a Beslan a 2004, inda sama da mutum 330 suka mutu, fiye da rabinsu yara.

Tsohon mufti Ahmad Kadirov ya koma ɓangaren Mosko, ya zama shugaba a 2003, bam ya kashe shi a Mayun 2004. Ɗansa Ramzan ke mulki tun 2007. An sake gina Grozni, an buɗe babban masallacinta a 2008, sai dai ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna zargin gwamnatinsa da azabtarwa da ɓatar da masu suka.

Biki, abinci da kiɗa

A bikin aure ango ba ya fitowa bainar jama'a. Amarya kan tsaya a kusurwar ɗaki shiru, dangin miji su zo suna tsokanarta, suna roƙon ruwan sha, har ta buɗe baki, su ba ta kyauta. A filin rawa namiji kan taka da zafin nama, ƙirji a buɗe, mace na tafiya a hankali kamar ba ta taɓa ƙasa, kuma ko gefen rigarta ba zai taɓa ba. Tsofaffin waƙoƙin jarumta, illi, da wata molo mai tsirkiya uku ake rera su, dechig pondar. Abincin da aka fi saukar baƙo da shi kuwa jijig galnash ne: dafaffen nama da ƙananan curin fulawa ko garin masara, a ajiye romo a gefe da miyar tafarnuwa ta dangwalawa.