Kafin Yaranmu Su Leƙa Grand Canyon a Lokacin Sanyi

Idan hutun Disamba ya zo, wasu 'ya'yanmu na Sakkwato da ke karatu ko aiki a Amurka sukan yi karo-karo su ɗauki mota zuwa Grand Canyon, makeken kwazazzabon nan da kogin Kolorado ya rarake a jihar Arizona. Tsawonsa kilomita 446, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi, kuma tun 1919 yake wurin shaƙatawa na ƙasa. Wuri ne da ya cancanci gani, ba hana kowa nake yi ba. Amma a matsayina na ma'aikaciyar lafiya, akwai saƙon da nake roƙon iyaye su isar.

Kowa sanyi yake tunani, alhali tudun wurin ne ya fi tayar mini da hankali. Gefen kudu, inda ake tsayawa kallo a Mather Point da Yavapai da Hopi, yana kan tsayin mita 2,100 daga teku. Sakkwato kuwa a wajen mita 300 take. A can sama, oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi ya ragu, shi ya sa lafiyayyen saurayi zai yi ɗan taku kaɗan ya kama haki, ko kansa ya sara.

Ga mai sikila, maganar ta wuce haki. Ƙarancin oksijin da sanyi da bushewar jiki, kowannensu kaɗai yana iya tayar da ciwon, a can kuma sun taru wuri ɗaya. Ƙwayoyin jinin su lanƙwashe, su toshe ƙananan jijiyoyi, sai ciwon ƙashi ko na ƙirji ya taso. Mai SS kada ya sa ƙafa a hanya sai ya zauna da likitansa. Masu AS ma, da muke yawan ce musu ba su da matsala, wani lokaci tudu yakan taɓa musu saifa. Duk wanda ya ji ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, ya kira 911, lambar gaggawa ta Amurka, kada abokai su ce masa iska ce. Masu asma da ciwon zuciya da hawan jini su riƙe magungunansu a aljihu, ba a can cikin akwati ba.

Sai sanyin kansa. Hunturunmu da muke kuka da shi, mu kwana da kaskon wuta, ba ya kai ruwa ga daskarewa. A can, cikin dare ma'auni kan sauka har digiri 8 ƙasa da sifili, ga iska a bakin kwazazzabo. Kaftanin shadda da hula ƙube na hoto ne kawai. A jera kaya hawa-hawa, riga mai kama jiki a ciki, mai ulu a kai, sannan jaket mai tare iska, da safar hannu da hular da ke rufe kunne. Idan abokin tafiya yana makyarkyata, harshensa ya soma nauyi, yana tuntuɓe, a kai shi wuri mai ɗumi, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a nemi taimako. A riƙa shan ruwa ko babu ƙishi, domin iskar wurin busasshiya ce.

Wurare da yawa a bakin ramin ba su da shinge, kuma dusar ƙanƙarar da ta narke da rana takan sake daskarewa ta zama santsi. Farkon hanyoyin gangara irin su Bright Angel, da rana ba ta cika bugawa ba, sukan daɗe da ƙanƙara. Akwai ƙarafuna masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, a saye su. Kada a ja da baya ana neman hoto.

Gefen arewa a rufe yake ga motoci duk tsawon sanyi, sai tsakiyar Mayu aka saba buɗe shi. A gefen kudu ma dusa kan sa a rufe hanya, don haka a duba sanarwar hukumar wurin kafin a fita, a kuma tuna rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar da rabi a Disamba. Idan mota ta maƙale aka kunna inji don ɗumi, a fita a tabbata dusa ba ta toshe salansa ba, domin hayaƙin zai koma ciki, kuma irin gubar da ke kashe masu kwana da gawayi a rufaffen ɗaki ce.