Fadar Lobkowitz ta Viyana: yadda gidan yarima ya zama gidan tarihin wasan kwaikwayo

Wa ya gina ta, kuma yaushe?

A 1683 rundunar Turkawa ta kewaye Viyana, babban birnin Ostiriya, har wata biyu kafin a kore ta. Da ƙura ta lafa, masu sarauta suka fara zuba dukiya a gine-gine cikin ganuwa. Basarake Philipp Sigmund von Dietrichstein ya sayi gidaje a tsohuwar kasuwar aladu, ya sa Giovanni Pietro Tencalla ya tsara masa fada, aka yi aikin daga 1685 zuwa 1687. Tana cikin fadojin farko na salon barok a birnin, wato ginin nuna isa: doguwar fuska, faffadan matakala, rufi mai zane. Babbar ƙofar kuwa aikin mai tsara gine-gine Fischer von Erlach ce, daga baya aka ƙara ta.

To ina sunan Lobkowitz ya samo asali?

Dangin Lobkowitz na Bohemiya (a ƙasar Czech ta yau) ne suka saye ta a 1745. Wanda ya fi fito da sunan gidan shi ne Yarima Franz Joseph Maximilian, mai ƙungiyar makaɗa tasa ta kansa, kuma uban gidan shahararren mai tsara kiɗa Beethoven. A babban zauren bene aka fara gwada kiɗan Beethoven mai suna Eroica a 1804, gaban baƙi ƙalilan, shi ya sa har yau ake kiran zauren da wannan suna. Wanda ya ɗaga kai a ciki zai ga zanen Jacob van Schuppen ya mamaye rufin, yana kwatanta fannonin fasaha.

Yaya aka yi ta koma gidan tarihi?

Ta daɗe a hannun 'yan haya: ofishin jakadancin Faransa daga 1869 zuwa 1909, na Chekoslobakiya tsakanin yaƙoƙin duniya biyu, sannan cibiyar al'adun Faransa. A 1980 gwamnatin Ostiriya ta saye ta, aka gyara, aka buɗe gidan tarihin a 1991. Kayan sun kai kusan miliyan biyu: tufafin 'yan wasa, ƙananan samfuran dandamali, zane-zane, hotuna, da 'yan tsanan wasan kwaikwayo da Richard Teschner ya ƙera.

Me ke ba da wahala idan aka mayar da irin wannan gini ma'adana?

Bukatar gidan da ta kayan ba su jituwa. An yi manyan tagogi don rana ta haska ado, alhali takarda da alharini ba sa jure haske fiye da lux 50 a ma'aunin haske, wato ɗan haske kaɗan. Abin da ya koɗe kuma ba ya dawowa. Sai a rufe tagogin, a riƙa sauya kayan baje koli bayan 'yan watanni.

Danshi ya fi haɗari. Ana so ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, zafi kuma kusan digiri 20 a ma'aunin Celsius. Da sanyin hunturu, na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska, katako ya tsuke ya tsage, fenti ya ɓamɓare. In an cika ƙara danshi, sai raɓa ta taru jikin bango mai sanyi, gishirin cikin tubali ya fito ya ci filasta. Ba a kuma yarda a fasa tsohon bango don bututu, don haka sau da yawa akwatin gilashin kansa ake daidaita wa yanayi, a bar ɗakin yadda yake.