Kafin ka biya kuɗin sabon talabijin: tambayoyi da amsoshi

Kwalin talabijin na zamani cike yake da haruffa da lambobi, su 4K, HDR, QLED, 120Hz, kuma mai sayarwa ya haddace su tsaf. Wasunsu na canza abin da ido zai gani ƙwarai, wasu kuwa ado ne kawai da ake ƙara wa farashi. Ga tambayoyin da masu saye suka fi yi.

Mene ne bambancin HD, Full HD da 4K?

Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne na haske, ƙanana ƙwarai, da ake kira fiksel. Yawansu ne waɗannan sunaye suke faɗa. HD na farko yana da ɗigo 1280 a kwance, 720 a tsaye. Full HD yana da 1920 da 1080, wato ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. 4K, wanda ake rubuta UHD a wasu kwalaye, yana da 3840 da 2160, kusan miliyan 8.3, ninki huɗu na Full HD ke nan. In ka ga an rubuta "HD Ready" a kwali, kada sunan ya ruɗe ka, galibi matakin 720 ne, mafi ƙanƙanta a cikinsu.

To in sayi 4K, ko in haura zuwa 8K gaba ɗaya?

Daga inci 43 zuwa sama, 4K ne ya zama gama-gari, kuma shi ya kamata ka ɗauka. A inci 32 kuwa, daga kan kujera ido ba ya rabe 4K da Full HD, don haka babu dalilin damuwa. Shi 8K ɗigonsa ya kai miliyan 33, amma abin kallon da aka shirya a wannan mataki kaɗan ne ainun. Kuɗin da za ka zuba a kansa ya fi amfani in ka sayi 4K mai nagarta.

Sai dai akwai abin da ake mantawa: talabijin ba ya ƙirƙirar abin da ba a turo masa ba. Idan dikodarka ko tashar da kake kallo tsohon hoto mai ƙarancin ɗigo take turowa, talabijin ɗin shimfiɗa shi zai yi ya cika allo, ya ƙiyasta sauran. A babban allo ma aibin hoton ya fi fitowa fili. Saboda haka ka fara tambayar kanka me kake kallo kullum, kuma ta wace hanya yake iso maka.

Inci nawa ya dace da ɗakina?

Ana auna incin ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ba faɗi ba. Inci 55 kusan santimita 140 ne a karkace, faɗinsa kuma kimanin santimita 122. Ka auna wurin da za ka ajiye shi kafin ka fita, har da teburin, domin yawancin manyan talabijin ƙafafunsu biyu suna can gefe da gefe, ƙaramin tebur ba zai ɗauke su ba.

Game da nisan zama, ƙa'idar da aka saba bi ita ce ka ninka girman allon sau 1.2 zuwa 1.6. Mai inci 55 yana son nisan mita 1.7 zuwa 2.2, mai inci 65 kuma mita 2 zuwa 2.6. Tazarar inci 55 da 65 a baki kamar ba ta da yawa, amma filin allon ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari. A ganina, in aka ba ka zaɓi tsakanin ƙarin girma da wani ƙaramin ƙarin fasaha da ba ka ma fahimci amfaninsa ba, ɗauki girman. Shi kullum za ka gan shi.

LED, QLED da OLED, ba duk abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma a nan ne kamannin suna ya fi cutar mai saye. Harafi ɗaya ne tsakanin QLED da OLED, amma aikinsu ya sha bamban.

Abin da ake kira LED, allon LCD ne da aka jera wa ƙananan fitilu a baya ko a gefe. Allon ba ya ba da haske da kansa, tace hasken fitilun yake yi. Shi ya sa in an nuna dare a fim, baƙin yakan fito kamar toka-toka, domin fitilun na nan a kunne a baya. QLED, sunan da Samsung ya yayata kuma TCL da wasu suke amfani da shi, shi ma LCD ne, an dai ƙara masa wani shimfiɗi da ke sa launi ya fi armashi. Mini-LED kuma fitilun bayan ne aka ƙanƙanta aka yawaita, aka raba su shiyya-shiyya, ta yadda wata shiyya za ta dushe wata ta haskaka. Yawan shiyyoyin nan da iya sarrafa su sun fi sunan da ke kwali muhimmanci.

OLED kuwa babu fitila a bayansa sam. Kowane ɗigo shi ke haska kansa, in kuma wurin baƙi ne sai ya mutu ɗungurungum. Baƙinsa baƙi ne ƙirin, kuma ko daga gefe ka zauna launi ba ya koɗewa. Yana da tsada, sannan idan tambarin tasha ɗaya ko layin labarai ya daɗe yana zaune wuri guda, awanni da yawa kullum, zai iya barin inuwa a allon. Sababbin samfura sun rage wannan matsala, amma ba su kawar da ita ba.

Ɗakinka ne zai raba gardama. Falo mai manyan tagogi da ake kallo da rana, ko inda ake barin tashar labarai a kunne yini guda, LCD mai ƙarfin haske ya fi dacewa da shi. Mai kallon fim da dare a kashe fitila, OLED ne nasa. A cikin LCD ɗin ma iri biyu ne suka fi yawa: VA ya fi zurfin baƙi amma yana koɗewa daga gefe, IPS ya fi kyau daga gefe amma baƙinsa bai kai ba. In kujerunku a zagaye suke, mutane da yawa suna kallo daga ɓangarori, wannan ya shafe ku. A shago ka taka zuwa gefen allon ka duba fuskar mutum, za ka ga ko ta yi fari-fari.

Me ya sa hoton ya fi kyau a shago fiye da gida?

Domin a shago an saita shi a yanayin talla: haske a ƙure, launi a ƙure, don ya yi gogayya da fitilun shagon da sauran talabijin da ke jere. Bidiyon da suke nunawa kuma na musamman ne, furanni da duwatsu masu motsi a hankali, babu inda aibi zai fito. Gani ya kori ji, amma sai in abin da za ka riƙa kalla ka gani. Ka zo da filasha ɗauke da wasan ƙwallo, da wani yanki na fim mai duhu, da bidiyo na yau da kullum mara tsabta sosai. Ka nemi rimot, ka mai da saitin zuwa na fim ko na gida, sannan ka yanke hukunci.

HDR fa?

HDR yana faɗaɗa tazarar da ke tsakanin wuri mafi haske da mafi duhu a hoto, kuma in an yi shi da kyau ya fi ƙarin ɗigo tasiri a ido. Akwai HDR10, wanda kusan kowane 4K yake karɓa, da HDR10+, da Dolby Vision, da HLG wanda BBC da NHK ta Japan suka ƙirƙira don watsa shirye-shirye. Talabijin ɗin Samsung ba sa ɗaukar Dolby Vision, HDR10+ suke bi.

Tarkon shi ne, rubuta HDR a kwali yana nufin na'urar tana gane siginar ne kawai. Nuna shi yadda ya kamata sai allo mai ƙarfin haske, wanda ake aunawa da nit. Masu araha da yawa suna tsayawa wajen nit 300, a nan HDR suna ne kawai, wani lokaci ma hoton ya fi duhu.

Ina buƙatar 120Hz?

Lambar tana faɗin sau nawa allon yake sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya. Ana ɗaukar yawancin fina-finai a hoto 24 cikin daƙiƙa, tashoshi kuma 50 ko 60, don haka allo mai 50 ko 60 ya wadatar da mai kallo na yau da kullum. Wanda zai ci moriyar 120 sosai shi ne mai wasa da PlayStation 5, Xbox Series X ko kwamfuta. Ka kuma lura, sunaye irin su Motion Rate, TruMotion da Motionflow na kamfanoni ne, lambar da ke biye da su takan ninka ta gaskiya. Nemi ainihin adadin a takardar bayanan na'urar.

Mai shago ya ce sai na haɗa da wayar HDMI mai tsada, mai bakin zinariya. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne. HDMI ita ce wayar da ke kai hoto da sauti daga dikoda ko na'urar wasa zuwa talabijin, kuma siginarta ta lambobi ce. Waya ko dai ta isar da ita ko ta kasa, kuma in ta kasa za ka sani: hoto ya riƙa ɗaukewa, ko fararen ɗigo su riƙa ƙyalƙyali a allon. Babu wayar da za ta sa ja ya fi ja. Riba a kan irin waɗannan ƙananan kaya takan fi ta talabijin ɗin kansa kauri, shi ya sa ake matsa maka a daidai lokacin da ka riga ka ciro kuɗi.

Abin dubawa shi ne ajin wayar. High Speed tana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, ta ishi Full HD. Premium High Speed tana ɗaukar 18, daidai da HDMI 2.0 da ya fito a 2013, ita ce ta 4K a hoto 60 cikin daƙiƙa. Ultra High Speed tana ɗaukar 48, daidai da HDMI 2.1 na 2017, ita ce ta 4K a 120. Biyun ƙarshe, in na gaske ne, suna da tambarin tantancewa mai lambar QR a jikin fakitinsu. Tsawo ne kawai yake kawo matsala: in za a ja waya mai nisa ta cikin bango, a nan ya dace a kashe kuɗi.

Ka kuma leƙa bayan talabijin ɗin ka ƙirga ramukan HDMI. Dikoda, na'urar wasa da sifika sun cinye uku nan take. A wasu samfura ramuka biyu ne kacal suke ɗaukar 4K a 120, kuma ɗaya daga ciki shi ne na sifika.

Sifikar da ke jikinsa ba za ta isa ba?

Jikin talabijin ya sirance har babu wurin da sauti zai yi kauri, sifikun kuma ƙasa ko baya suke fuskanta. Amma kada ka sayi komai a rana ɗaya. Ka kai shi gida ka saurara tukuna. In kana ƙara murya don jin magana sannan ka rage in kiɗa ya taso, to doguwar sifikar nan da ake ajiyewa a ƙasan allo za ta yi maka amfani. Haɗa ta ta ramin da aka rubuta ARC ko eARC, sai rimot ɗaya ya sarrafa duka biyun.

Wane tsarin manhaja ya fi?

Samsung yana amfani da Tizen, LG da webOS, Hisense da VIDAA a samfura da yawa, Sony da TCL kuma galibi Google TV. Duk suna da manyan manhajojin kallo. Kada wannan ya zaɓa maka talabijin, domin manhaja tana tsufa kafin allo, kuma ƙaramar na'urar da ake soka wa a ramin HDMI, irin su Fire TV Stick ko Roku, tana sabunta ta cikin sauƙi. Allo ne ba ya canzuwa. Abin lissafi shi ne intanet: Netflix yana ba da shawarar megabit 15 a daƙiƙa don 4K, kuma awa ɗaya na iya cin data har gigabait 7.

To waɗanne kayan haɗi ne suka cancanci kuɗi?

Na farko kariyar wuta. Soket mai kare na'ura daga tashin wuta na farat ɗaya daban yake da sitabilaiza, wadda ke daidaita wuta in tana hawa da sauka. Ka san wace matsala ce taka. Babu ɗayansu da zai tare tsawa in ta faɗo kusa, kuma takan shigo ta wayar eriya ko ta dish, don haka cire su shi ne kariya.

Na biyu ƙarfen ratayewa a bango. Ramukan huɗu da ke bayan talabijin suna bin ma'aunin VESA, kamar 200 da 200 ko 400 da 400 a milimita. Ka dace da wannan lamba da kuma nauyin da ƙarfen zai iya ɗauka. Tsakiyar allo ta daidaita da idon mai zaune, mutane da yawa suna kai shi sama har wuya ya riƙa ciwo. In a tebur zai zauna kuma akwai yara, a ɗaure shi da bango. Eriya kuwa babu wata ta HD ta musamman, sunan talla ne. Na goge allo, busasshen ƙyalle mai laushi ya isa, kada a fesa masa ruwan wanke gilashi.

Me zan duba ranar ɗauka?

Lambar samfurin da ke bayan na'urar ta yi daidai da ta kwali da ta rasit, domin samfura biyu kan yi kama a suna su bambanta a allo. In daga wata ƙasa aka shigo da shi, duba ƙarfin wutar da yake ɗauka, tunda na kasuwar Amurka wasu volt 120 kawai suke karɓa, sannan duba na'urar kama tashoshi: Turai da yawancin Afirka DVB-T2 suke bi, Amurka ATSC, Japan da Brazil ISDB-T. Ka tambaya ko garantin yana aiki a inda kake, kuma wa zai yi gyaran.

A kunna shi a gabanka. Nuna fari zalla, baƙi zalla, ja, kore da shuɗi daga filasharka, ka matso kusa ka nemi ɗigon da ya mutu ko ya maƙale a launi ɗaya. Gwada kowane ramin HDMI. A ɗauke shi a tsaye, kada a kwantar da shi a mota, babban allo yana iya tsagewa da nauyin kansa in aka shiga gargada. Kwalin kuma ka adana shi har wa'adin mayarwa ya wuce, domin shaguna da yawa ba sa karɓar kaya babu shi.