Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Gane Tsofaffin Bindigogin Yaƙin Duniya

Idan aka ajiye tsohuwar bindigar soja gaban mutum, daga ina zai fara?

Bayan ya tabbatar babu harsashi a cikinta, sai ya fara daga ƙarfen da sakatar bindigar take shiga, domin a nan masana'antu suka saba buga sunansu ko alamarsu, da shekarar ƙira, da lambar bindigar. Labarin da ya biyo ta, cewa wani kaka ne ya ƙwato ta a fagen fama, yana da daraja a wurin iyali, amma ba shi ne hujja ba. Hujja ita ce hatiman da ke jikin ƙarfe da katako, da kuma yadda suka yarda da juna.

Yaya ake rarrabe bindigogin Birtaniya?

Wadda aka fi samu ita ce Lee-Enfield, mai cin harsashi 10 na .303 (wato kaurin harsashin a ma'aunin inci), kuma iri biyu ne suka fi yawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Ta farko, No. 1 Mk III, an fara ba sojoji ita a 1907, katakonta ya rufe bututun har kusan baki, shi ya sa take kamar mai guntun hanci, kuma saitinta na baya yana kan bututun ne. A zoben ƙarfen da ya haɗa ƙota da jiki ake ganin kambin sarauta da shekara da sunan masana'anta, kamar Enfield ko BSA a Ingila, ko Lithgow a Ostareliya, ko Ishapore a Indiya. Ta biyu, No. 4, ta bazu daga 1941, bakin bututunta ya fito waje, saitinta kuma ƙaramin rami ne kusa da idon mai harbi. Wadda kamfanin Savage ya ƙera a Amurka tana ɗauke da rubutun da ke cewa mallakar gwamnatin Amurka ce, ko da yake domin Birtaniya aka yi ta. Lee-Enfield ce sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 suka riƙe a yaƙin Bama, cikinsu har da Hausawa masu yawa.

Me ya sa ba a ganin sunan kamfani a jikin bindigar Jamus?

Da gangan aka ɓoye shi. Mauser K98k, wadda ta zama bindigar sojan Jamus a 1935, tana ɗauke da haruffan sirri a maimakon suna: byf na nufin masana'antar Mauser da ke Oberndorf, bnz Steyr ce a Ostiriya, dot kuma Brno ce a ƙasar Cek da aka mamaye. Ƙarƙashin haruffan akwai shekara, a gefe kuma ƙananan hatiman gaggafa masu lamba, waɗanda masu duba makamai na soja suke bugawa. Dole waɗannan abubuwa uku su dace, domin kowace masana'anta da lambar mai dubanta a kowane zamani, kuma idan haruffan suka nuna Oberndorf alhali gaggafar ta wani gari ce, to ko an sauya kaya ko an yi jabu.

Akwai dubban K98k da Tarayyar Sobiyet ta ƙwace ta adana bayan yaƙi. Ana gane su da alamar X a jikin ƙarfe, da lambobin da aka zana da alƙalamin lantarki a kan sakata, da jan fenti mai ƙyalli a kan katako. A ganina bai kamata a raina su ba don kawai an cakuɗa sassansu, tunda wannan cakuɗawar kanta shaida ce ta hanyar da suka bi.

Na Rasha da na Japan fa?

Mosin-Nagant ta fi sauƙin karantawa, domin shekara tana nan ɓaro-ɓaro a gindin bututu. Tauraro mai kibiya a ciki alamar masana'antar Tula ce, kibiya a cikin kusurwa uku kuma ta Izhevsk, haruffan SA a cikin akwati na nuna cewa ta shiga hannun sojojin Finlan. Arisaka ta Japan tana da furen sarauta mai ganye 16 a saman ƙarfenta, kuma a mafi yawan waɗanda aka miƙa bayan saranda a 1945 an goge furen da zarto ko dutsen niƙa, saboda haka wadda furenta yake cikakke tana jan hankalin masu tara tsofaffin bindigogi.

Shin daidaituwar lambobi ita ce komai?

Ya danganta da ƙasar. Jamusawa sun buga lambar bindiga, ko ƙarshenta, a kan sassa da yawa har da ƙanana, don haka sakatar da lambarta ta saɓa tana rage daraja sosai. Amurkawa ba haka suka yi da M1 Garand ba: lamba ɗaya ce a bayan ƙarfen, sauran sassa lambobin zanen ƙira suke ɗauke da su, kuma yawancinsu an sake haɗa su a ma'aikatun gyara bayan yaƙi. Masana'antun Springfield da Winchester kaɗai suka ƙera ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka wadda ke ɗauke da sunan International Harvester ƙirar shekarun 1950 ce, ko me mai ita ya faɗa.

Ina aka fi yin jabu?

A inda kuɗi ya fi yawa, wato bindigogin gwanayen harbi daga nesa da masu hatimin SS, rundunar musamman ta 'yan Nazin Jamus. Sabon hatimi yakan fito da kaifi a kan ƙarfen da ya riga ya lalace, ko ya ratsa ta kan tsatsa, kuma madubin ƙara girma da hasken da aka karkato daga gefe sukan tona shi.

Ya dace a goge ta, ko a gwada harba ta?

Bai dace a kai mata takardar yashi ko sabon fenti ba, domin hatiman katako ba su da zurfi, shafa ɗaya ta isa ta share su har abada. Ɗan mai da tsumma mai laushi sun wadatar. Harbi kuwa haɗari ne sai maƙerin bindiga ya duba, saboda an sauya wa wasu girman harsashi bayan yaƙi, kamar K98k da Isra'ila ta mayar masu cin harsashin milimita 7.62, kuma haruffan DP a kan Lee-Enfield na nufin ta faretin horo ce kawai. Tsufan bindiga kuma ba ya fitar da ita daga doka: a Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai cin .303 cikin waɗanda aka haramta mallaka sai da lasisi na musamman, don haka wanda ya gaje ta sai ya sanar da 'yan sanda kafin ya motsa da ita.