Noma da kasuwanci a digiri guda: abin da tsarin LMD ya yarda da shi

Ɗan yayata ya ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, bana. Mahaifinsa ɗan kasuwar aya ne, tun yaron yana ƙarami yake ganin ana auna buhu, ana loda mota ta bi hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya. Da ya zo gaishe ni sai ya ce, "Kawu, noma nake son karantawa, amma ina son in iya lissafin kasuwa ma. An ce a Amurka ɗalibi ne ke tsara karatunsa da kansa. Nan ba a yi?"

Abin da aka gaya masa gaskiya ne. A jami'ar New York akwai makaranta mai suna Gallatin, inda ɗalibi ke rubuta abin da yake son sani, malami mai ba shi shawara ya duba, sannan ya tsinto darussa daga sassa daban-daban. Mu ba haka tsarinmu yake ba. A jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi, kamar sauran jami'o'in gwamnati na Nijar, fannin da aka riga aka tsara kake shiga, kuma sunansa ne za a rubuta a takardarka. Ba ka ƙirƙiro wa digiri suna.

Amma ƙofar ba a kulle take gaba ɗaya ba, sai dai yara da yawa ba su san inda take ba.

Tsarin da ake bi shi ne LMD, wato lisansi, masta, doktora, wanda UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Yammacin Afirka, ta umarci ƙasashenta su bi a 2007. Lisansi, wato digirin farko, shekara uku ce, zango shida, kowane zango kiredi 30, jimilla 180. Masta shekara biyu, kiredi 120. Kiredi ma'aunin aikin ɗalibi ne: zaman aji, aikin gwaji da karatun da ya yi shi kaɗai, kimanin awa 20 zuwa 25 a kiredi guda. Ana tara darussa cikin rukuni da ake kira UE, kuma wanda ya samu 10 bisa 20 ya ci rukunin.

Ga inda amfanin yake. Rukunin da ka ci ya zama naka, ba a sake ƙwace maka shi, kamar hatsin da ya riga ya shiga rumbu. In ka sauya fanni ko jami'a, kana iya kai takardun makinka a gwada da darussan sabon wurin, abin da ya yi daidai a ƙirga maka shi. Ba duka ake amsa ba, kwamitin malamai ne ke yanke hukunci. Shi ya sa na ce wa yaron ya adana kowace takardar maki da jadawalin abin da aka koya masa, kar ya bar su cikin akwati gara ta ci.

Na biyu, tsarin ya raba rukunan: akwai na tilas waɗanda su ne ƙashin bayan fannin, akwai na gama-gari irin su Turancin Ingilishi da kwamfuta, akwai kuma na zaɓi. Na zaɓin ba su da yawa, kuma sai abin da sashen ya buɗe a shekarar. Duk da haka, nan ne wanda ya san abin da yake nema zai fara karkata.

Babbar dama a ganina tana ƙarshen lisansi. Horon aiki da kundin kammalawa, kai kake kawo batun, malami ya amince. Ɗalibin noma yana iya yin nasa a kan yadda farashin aya ke tashi daga kaka zuwa bazara, ya zauna da manoma da dillalai, ya ƙirga asarar da ake yi a wajen ajiya. Noma ne, kasuwanci ne kuma. Daga nan sai ya nemi masta a tattalin arzikin karkara da wannan kundin a hannu, domin masu zaɓen ɗaliban masta takardun mutum suke dubawa.

Abu guda na ja masa kunne a kai. Sanarwar gasar shiga aikin gwamnati sunan difloma take ambata, kuma hukumar CAMES da ke Wagadugu, wadda ke tantance difloma tsakanin ƙasashenta, tsararren fanni take dubawa. Wanda ya yi shekara guda a nan, shekara guda a can, yana iya tara kiredi masu yawa bai kammala lisansi ko ɗaya ba. Don haka na ce ya riƙe noma har ya cika 180 ɗinsa, kasuwancin ya shigo ta darussan zaɓi da kundi.

Ya ce to. Sai ya tambaye ni ko zaman da yake yi a shagon mahaifinsa lokacin hutu ana ba da kiredi a kansa. Na ce ba a bayarwa, sai in sashen ya amince da wurin a matsayin horon aiki, da takarda da sa hannu, tun kafin ya fara.