Waiwaye: Yadda Bangon Abuja Ya Fara Hana Mu Barci

Duk wanda ya taɓa kwana a Kubwa ko Nyanya cikin watan Maris ya san wannan wahala. An idar da sallar isha'i, rana ta daɗe da faɗuwa, iskar waje ta fara sassautawa, amma kana shiga ɗaki ka dafa bangon yamma sai ka ji shi kamar kaskon da aka sauke daga murhu. Da an ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai kowa ya ja tabarma zuwa tsakar gida. Mutane kan ce zafin bana daban ne. Haka ne, bazarar Abuja ba ta da sauƙi, amma wani kaso na wannan zafin dare da hannunmu muka gina shi, kuma yana da tarihi.

Kowane bango yana shan zafin rana, ya ajiye, daga baya ya sake shi. Bambancin yana ga lokacin da zai saki. Matan gida sun fi kowa gane wannan: tukunyar ƙasa takan daɗe ba ta ɗau zafi ba, in ta ɗauka kuma sai ta daɗe tana riƙe da ɗumin miya, ita kuwa ta ƙarfe nan take ta ƙona hannu, nan take ta huce. Idan bango mai kauri ne, zafin da ya bugi bayansa da azahar yakan shafe sa'o'i masu yawa yana ratsawa a hankali. Kafin ya iso ciki dare ya yi nisa, ƙarfinsa ya ragu, wani ma ya koma waje ya bi sanyin asuba. Siririn bango kuwa ba ya jinkirta komai sosai. Zafin la'asar yana isowa cikin ɗaki daidai lokacin da kake neman wurin kwanciya.

Maginan Kano, Katsina da Zariya sun san wannan tun ba su da ma'aunin zafi. Sukan cuɗa jar ƙasa da ciyawa, su mulmula tubali, su shanya, su ɗaga katanga mai faɗin gindi tana sirancewa zuwa sama. A yi rufi da azarar giginya a danne da ƙasa, a shafe waje da makuba don ruwa, a sa indararo, taga kuma 'yar ƙarama can sama. Shi ya sa ɗakin soro ke da sanyi da rana, ya yi ɗumi a daren hunturu. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 shi ne ƙololuwar wannan fasaha. Gbagyi da suka daɗe da zama a inda Abuja take yanzu su ma da ƙasa suke gini, da jinkar ciyawa mai saukowa ta yi wa bango inuwa. Wanda yake son gani da ido ya je Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya da masanin gini ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya yi wa hidima.

Ba na cewa ginin ƙasa ba shi da aibi. Yana son yaɓe duk bayan damina, gara na cin azara, kuma ruwan Abuja ya fi na Katsina yawa. Ga abin da ya fi duka ƙarfi: zamani ya mai da gidan ƙasa alamar talauci.

Kwano ne ya fara shigowa a zamanin Turawa, siminti ya biyo baya. An buɗe masana'antar siminti ta Nkalagu a 1957, ta Sakkwato da ta Ashaka suka zo daga baya. Da kuɗin mai suka zubo, a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Legas, wasu suka yi watanni suna jiran a sauke musu kaya. A cikin wannan yanayi aka haifi Abuja. Janar Murtala Muhammad ya ayyana sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu 1976 bisa shawarar kwamitin Mai shari'a Aguda, aka kammala taswirar birnin a 1979, gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamba 1991. Ke nan birni ne da bai gaji tubali ba, da bulo da kankare ya buɗe ido.

A yi wa masu taswira adalci, sun ware filayen bishiyoyi da lambuna masu yawa. Sai dai jama'a sun yi wa birnin ambaliya fiye da tanadin da aka yi, masu ƙaramin ƙarfi suka koma Lugbe, Karu, Gwagwalada da Mararraba. A can ne aka cika fuloti da ɗakunan haya na bulo mai inci shida, mai rami a ciki, ga kwano a sama, silin siriri ko babu, kuma ba a bar wa ko darbejiya ɗaya wuri ba. A Maitama da tsakiyar gari cutar ta sauya kama: bango na gilashi, wanda hasken rana ke ratsawa ya maƙale a ciki, sai a yi ta kokawa da shi da na'urar sanyaya ɗaki da janareta, su kuma su fesa zafin a titi.

Abin bai tsaya cikin ɗaki ba. Kwalta, katangar gida, da daɓen da muke malale harabar gida da shi har bakin ƙofa, duk suna yini suna shan rana, da dare su yi ta fitarwa, wannan bango yana haska wa wancan. Tun wajen 1818 wani Bature, Luke Howard, ya auna ya ga cewa daren cikin Landan ya fi na ƙauyukan kewaye ɗumi. Abin da mai tafiya kan babur yake ji ke nan idan ya fito daga Wuse da dare ya biyo ta inda daji ya saura, iska ta sauya masa nan take. Wannan ne ma ya sa kaurin bango kaɗai ba zai cece mu ba. Bango mai nauyi yana bukatar dare mai sanyi da iska mai wucewa kafin ya sauke kayansa, idan unguwa duka ta zama tanda, gobe zai wayi gari da zafin jiya a jikinsa.

A 2017 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar gini mai tsimin makamashi, wadda ta yi magana kan rage girman tagogi, yi musu inuwa da sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa kuma ta daɗe tana aiki kan bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a ɗan sa masa siminti. Abin da ke damuna shi ne waɗannan ba su kai ga inda ake yanke shawara ba. Har yau idan mutum ya tara kuɗinsa ya sayi fuloti a Kuje, birkila ba zai tambaye shi ina yamma take ba, ko ina za a dasa bishiya. Tambayarsa ɗaya ce: "Alhaji, inci shida za mu sa ko tara?"